Jarida a Wurin Ciyayya

A unguwarmu ta Birnin Kudu ni ne mai karanta wa jama'a jarida, kuma ba gado na yi ba, cancanta ce. Sai da na kai aji huɗu na firamare kafin mahaifina ya ga gona ta fi bukatata. Duk ranar da jaridar Hausa ta shigo, bayan magariba idan kowa ya fito da kwanon tuwonsa mun zauna ciyayya a ƙofar gida, sai in maƙala tabarau in yi gyaran murya, a yi tsit.

Da zaɓen shugaban ƙasa ya matso, masu sharhin siyasa suka tuɓe riga. Kowanne yana da nasa ɗan takarar da yake wankewa tas kamar jariri ranar suna, sauran kuwa wankin babban bargo. Rannan na karanta wani da ya cika shafi guda a kan tsufan wani ɗan takara: tafiyarsa, haƙoransa, wai ya koma gida ya yi wasa da jikoki. Ba maganar taki, ba hanya, ba asibiti. Maƙwabcina, wani dattijo mai shanu da ya taso daga Dingaya ta ƙasar Gwaram, ɗan takarar nan gwaninsa ne, kuma shi dattijon ya ma girme shi. Ya ɗauki kwanonsa ya shige gida. Washegari kwanonsa bai fito ba, wanshekare ma haka. A wurinmu gara mutum ya kai ka gaban alƙali da ya janye kwanonsa daga ciyayya.

Na ɗauki nawa tuwon na same shi a zaure. Na yi masa bayani irin na masu ilimi, cewa marubucin yana can birni ƙarƙashin fanka, bai ma san da mu ba.

"Malam, ni ban ga marubuci ba," in ji shi. "Bakinka na gani, har da lanƙwasa murya."

Na ce lanƙwasa murya ai ƙa'idar karatu ce. Amma nan take na kafa doka: daga yau abin da ɗan takara ya yi, ko ya ce zai yi, shi kaɗai zan karanta. Zagi da kirari kuwa, mai su ya zo da kansa ya faɗa, za mu ba shi tabarma. Dattijon ya ce zai zo ya ji, amma hannu rabbana.

Da jarida ta sake zuwa na buɗe shafin babban mai sharhin nan da ya yi rubutun tsufa, wanda a hotonsa ya tallabe haɓa. Yatsana ya yi ta gangarawa ina tsallake, na tsinci layi biyu na karanta, na naɗe. Wani ya tambaya ko shi ke nan. Na ce shi ke nan, saura duk ƙaiƙayi ne. Suka ce a gwada mai yabon gwanin dattijon. Shi ko layi ɗaya bai cika ba.

Dattijon ya yi dariya har da tari. Ya miƙe ya shiga gida, ya fito da kwano ya dire a gabana.

"Ci, Malam," ya ce. "Yau ka sha aiki."