Farcen da Baba Ilu Yake Latsawa

Shekara tara ke nan da rasuwar mahaifina, Baba Ilu mai ɗori, kuma har yau a unguwarmu ta Kurmin Sarki, nan Suleja, akwai masu cewa shi ya kashe sana'ar gidanmu. Ni ce 'yarsa ta fari, kuma ban ɗauki alƙalami don in ba kowa haƙuri ba.

Ɗori ya gada kaka da kakanni. Karaya, targaɗe, gocewar ƙashi, duk zaurenmu ake kawowa, ya ja, ya daidaita, ya jera karare ya ɗaure, ya yi tofi. Amma kafin ya fara sai ya latsa farcen babban yatsan ƙafar da ta karye, ya saki. In jini ya dawo farcen ya yi ja, bismillah. In ya tsaya fari fat, ƙafar ta yi sanyi, ko ƙashi ya huda fata ya leƙo, sai ya janye hannunsa. "Wannan ba tawa ba ce," in ji shi. "Ni ba na ɗinke jijiyar jini. Ku kai shi asibiti yanzu." A yi ta magiya, wasu har su zage shi, wai tsoro ne, wai ya sayar da mu ga masu farar riga. Amsarsa ba ta sauyawa: da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ya sha ganin ƙafafun da aka ɗaure tamau suka yi baƙi, suka ruɓe, aka ƙare da yankewa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da zai ga Suleja ta yau. Mashina da kekuna sun cika gari, hanyar Madalla ba ta gajiya da karya mutane. Masu ɗori ma sun yi yawa, har da masu tallar kansu a waya, kuma ban taɓa jin ɗayansu ya ce wannan ta fi ƙarfinsa ba. Na san halin Baba. Tsaki zai ja, ya tambaya ko akwai wanda ya duba farce.

Bara abin ya shigo har gidanmu. Ƙanena Nasiru, wanda ke acaɓa tsakanin Suleja da Madalla, mota ta banke shi, ƙafarsa ta dama ta karye ƙasa da gwiwa. Waɗanda suka tsince shi suka kai shi asibiti. Likita ya ce jijiyar jini ta tsinke, in ba a yi tiyata a ranar ba, sai dai a haƙura da ƙafar. Ana cikin haka sai ga Baffa Bala, ƙanen Baba, da mota da majiya ƙarfi biyu, ya zo ɗaukar ɗansa. A wurinsa, ɗan gidan ɗori ya kwanta asibiti da karaya abin kunya ne da har jikoki sai an yi wa gori.

Na yaye zanen da aka lulluɓa wa Nasiru, na latsa farcen a gaban Baffa. Fari fat, jini ya ƙi dawowa.

"Baffa, ka gani da idonka. Da yayanka ne, zai ɗora wannan?"

"Ke mace ce, Hadiza, me kika sani a ɗori? Kyan ɗa ya gaji ubansa."

"Ai ubana nake bi, Baffa. Ba inda za a kai shi."

Na tare bakin ƙofa. Ban taɓa yi wa Baffa musu ba, amma ban gusa ba har aka gungura Nasiru ɗakin tiyata. Aka ɗinke jijiyar, aka sa wa ƙashin ƙarfe.

Tun ranar Baffa bai sake amsa gaisuwata ba. Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba, don shi ne waliyyina ranar aurena. Amma ko gobe aka maimaita, a ƙofar nan za a same ni.

Kararen Baba gara ta daɗe da cinye su, zauren ma ya koma shago. Masu cewa ba abin da ya rage su ci gaba da faɗa, baki nasu ne. Ni na san abin da ya bar mana: mutum ya san iyakar hannunsa, ya kuma iya faɗa ko za a zage shi. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Juma'ar da ta wuce Nasiru ya je makabarta yi masa addu'a. Yana ɗingishi, ya daɗe a hanya, amma da ƙafafunsa biyu ya je, da su ya dawo.