Kashi Shida Cikin Ɗari

Mai shagon da ya sayar mini da rauta a Bagudo, wato na'urar da ke raba wa wayoyi intanet, ya ce mega ashirin take ja. Ya faɗa yana buga kwalin da yatsa, sai ka ce shi ya ƙera ta. Na tambaye shi me mega ashirin za ta yi mini, ya ce in na danna fim, kafin in wanke hannu in zauna gaban tuwo ya gama sauka. Ban tambaye shi ko ashirin ɗin ta mutum ɗaya ce ko ta duk wanda ya hau ba, shi ma bai ga dalilin faɗa ba. Na ɗaure kwalin a bayan babur na kama hanyar gida ina ji da kaina.

Ƙauyenmu yana tsakanin Bagudo da iyaka, wurin da waya ba ta san ƙasar da take ciki ba. Kana zaune a ƙofar gidanku sai saƙo ya shigo da Faransanci yana yi maka maraba da zuwa Benin, alhali ko takalmi ba ka sa ba. Sabis ɗin ƙasarmu kuwa sai ka hau tudu kana ɗaga hannu. Shi ya sa na kafa wa rautar eriya a kan doguwar gora bisa rufin ɗakina, na haɗa ta da sola guda ɗaya da wani tsohon batir. Batirin nan yana da tsarinsa: ba ya farkawa sai hantsi ya yi, kuma ana idar da magariba yake mutuwa. Na sha auna gudun rautar. Ranar da ta yi kirki nakan ga mega huɗu ko biyar, in hadari ya taso ta koma ɗaya. Ashirin dai ban taɓa ganinta ba sai a jikin kwali.

Da farko na so in riƙe lambar sirrin ni kaɗai. Inna ce ta hana. A tsakar gidanmu akwai rijiyar da mahaifinmu ya haƙa, kuma tun ina yaro ban taɓa jin wani ya nemi izini kafin ya jefa guga ba. Da ta ji maƙwabta suna roƙona lambar, ta dube ni ta ce, "Abin da iska ka kawowa, shi za ka hana ma mutane?" Washegari na ɗauki gawayi na rubuta lambar a bangon zaure da manyan baƙaƙe. Har yau tana nan.

Dalilin sayen rautar yayana ne. Direban babbar mota ne, yana ɗaukar albasa zuwa Paraku a Benin, wani lokaci har Kwatano, ya yi wata biyu ba mu sa shi a ido ba. Shi ne ɗan farin Inna, kuma Inna tsohuwar hannu ce a kunyar ɗan fari. Ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Mai motar nan" take cewa. In ya durƙusa ya gaishe ta, ni take amsa wa, ko ta amsa wa tukunyar da ke gabanta. In ya ce "Inna", ba ta cewa na'am, sai dai ta gyara zama. Da ya fara kira ta bidiyo, da zarar fuskarsa ta bayyana sai ta tuna ba ta ba awaki ruwa ba. Amma ina ganin ƙafafunta a ƙarƙashin zana, a tsaye, har mu gama. Bayan na kashe ta zo ta wuce ta gabana tana tambaya, kamar da wani take, ko ya rame. Muna yi mata dariya, shi ma yana yi. Duk mun ɗauka akwai lokaci.

Ya rasu a wani asibiti a Paraku bayan zazzaɓin kwana biyar, wanda ya hana a gaya mana. Abokin tuƙinsa ne ya kira ni da safe, ya ce za su sallace shi bayan azahar a can, don ba yadda za a yi da gawa a wannan zafi da wannan nisa. Babu ɗayanmu da ya ga fuskarsa. Kafin ya kashe wayar ya ƙara da wata magana. Ya ce kwana ɗaya kafin rasuwar, yayana ya roƙi wata ma'aikaciyar jinya ta ɗauke shi bidiyo da wayarta, don tasa ta fashe. Minti goma sha tara ya yi yana magana, kuma ya ce na Inna ne, kada kowa ya gani kafin ita. Matar ta ɗora shi a wani shafi da ke ajiye abu kwana uku ya goge. Ya turo mini linkin. Nauyinsa ya kusa giga biyu.

Mutumin da bai taɓa yin hirar minti ɗaya da uwarsa ba ya yi mata magana minti goma sha tara. Na yi lissafi da mega huɗun da na sani, na ga awa ɗaya da ɗan abu ya isa. Na danna, na sa wayar a aljihu, na fita zaure na zauna a tabarmar karɓar gaisuwa, don yanzu ni ne babba. Inna ban gaya mata komai ba. Na so in kai mata shi a kammale.

Kafin azahar gidan ya cika. Dangin Inna sun zo daga Bahindi, abokan mahaifinmu daga Sharabi, 'yan uwanmu na tsallaken iyaka sun iso a babura bibbiyu da uku-uku. Duk wanda ya shigo zaure zai yi addu'a, ya shafa, ya ɗaga kai ya ga rubutun gawayi. Ba wanda ya yi laifi. Mutane suna sanar da na nesa ne, suna kiran Gaya da Yamai da Legas ta bidiyo, suna miƙa mini wayar in karɓi ta'aziyya. A cikin gida ma haka ake yi wa Inna. Tsakanin wannan gaisuwa da waccan nakan zaro wayata a ƙarƙashin riga in leƙa. Kashi tara cikin ɗari. Bayan la'asar, ashirin da shida. Na zagi mai shagon Bagudo a zuciyata, na zagi kamfanin, na zagi gorar ma. Ana kiran magariba yana kashi arba'in da ɗaya, muka tashi salla. Muna sallamewa batir ya mutu.

Da hantsi ya yi washegari, wayar ta ce saukewar ta katse, ta tambaye ni ko in goge abin da ya sauka in sake daga farko. Na danna e. Ko daƙiƙa ɗaya ban tsaya tunani ba. Wannan dannawar ita ce ta fi dawo mini. Daga baya na gane kusan minti takwas na maganarsa na goge da babban yatsana, ina amsa gaisuwar wani tsoho da ɗaya hannun.

Rana ta biyu ta fi ta farko muni. Sau biyu yana katsewa da kansa, sau biyu ina sakewa. Tun daga lokacin na yi wa kaina duk tambayoyin da mai karatu zai yi mini, kuma na fi shi zafi a kansu. Me ya hana ka aro janareta? Na masu noman rani duk suna fadama, kuma ban nema da gaske ba. Me ya hana ka hau babur ka tafi Bagudo inda sabis yake? Babban ɗa ba ya barin tabarma ana zuwa gaisuwa, da an yi shekara ana faɗa. Me ya hana ka tura wa wani linkin ya sauke maka? Mamaci ya ce kada kowa ya gani, ni kuma na riƙe maganar kamar wasiyya, ban yi tunanin saukewa daban kallo daban ba. Kowace amsa tana da kyau in ka ɗauke ta ita kaɗai.

Rana ta uku aka yi addu'a, jama'a ta ninka. Wajen azahar mijin ƙanwata, malamin makaranta ne a Bagudo, ya lura da yadda nake ta leƙen aljihu. Na ja shi gefe na gaya masa ina sauke wani abu mai muhimmanci ya ƙi tafiya. Ya karɓi wayar ya buɗe shafin rautar, ya nuna mini jerin wayoyin da ke kai. Na ƙirga talatin da huɗu.

"Mega huɗun nan taka ita suka rabawa," ya ce. "Kowa na ja, kai ɗigo ka iso maka. Canza lambar yanzu, awa guda ka gama."

Shekara biyu ina da abin nan ban san haka ba. A gidanmu mutum goma za su ja ruwa a rijiya kowa ya cika tulunsa, ni kuma haka na ɗauki intanet. Na duba shafin, saura awa uku a goge bidiyon. Na san yadda ake canza lambar, sai dai takardar da na rubuta matakan tana ɗakina. Na miƙe na shiga cikin gida.

Sai da na bi ta rumfar mata. Inna tana zaune a tsakiya, wata gwaggonmu ta Benin ta riƙe mata waya a gaban fuska. Yayar Inna ce a ciki, daga Gaya, tsohuwar da ƙafa ta hana tafiya, tana kuka tana kiran sunan yayana, sunan da Inna ba ta iya faɗa. Inna ba ta kuka, amma ta kafa wa wayar ido, leɓenta yana motsi. A bayanta mata uku suna riƙe da nasu wayoyin suna jiran layi, kowacce da wani a ciki. Na wuce ɗaki, na ɗauko takardar, na tsaya. Na hango yadda za a yi: fuskoki su daskare gaba ɗaya, a fara tambaya, a ce mai gidan ne ya rufe, ranar addu'ar ɗan'uwansa. Na ce bari tsohuwar ta gama. Da ta gama wata ta karɓa. Na ce bari wannan ma ta gama. Sai aka aiko liman yana nemana za a raba sadaka.

Ba zan yi ƙarya ba, kunya ce ta hana ni, ba tausayi kaɗai ba. Na ji tsoron bakin mutane fiye da yadda na ji tsoron rasa muryar yayana. Da na sake samun kaina an yi la'asar, sabis ya katse ya dawo, saukewar ta koma farko. Na canza lambar a lokacin. Na ga abin yana gudu yadda ban taɓa gani ba, kashi ɗaya, uku, biyar. A kan shida ya tsaya. Shafin ya ce babu wannan abu.

Na kira abokin tuƙin nasa, ya koma asibitin ya nemo matar. Ta ce ta goge tun ranar da ta ɗora, wayarta ta cika, kuma ba ta son ajiye hoton mamaci. Ta ba da haƙuri. Ta ce ba ta jin Hausa, ba ta san abin da ya faɗa ba, ta dai san ya yi dariya sau ɗaya wajen ƙarshe. Shekara uku ke nan ina tunanin abin da ya ba shi dariya.

Wannan karon ban goge ba. Bayan kwana bakwai na kai wayar wurin wani mai gyara a Bagudo, ya yi dabararsa ya fito da abin da ya sauka. Minti ɗaya da 'yan daƙiƙoƙi. Ya juya baya da na ce masa bai kamata ya kalla ba. Ni ma ban kalla ba sai tare da Inna.

Na same ta da hantsi tana tsince wake. Na gaya mata akwai saƙo daga mai motar nan, amma bai iso duka ba. Ban gaya mata dalili ba. Na jira ta tuna da awaki, ba ta tashi ba. Ta ture faifan ta karɓi wayar da hannu biyu.

Rufin ɗaki ne ya fara fitowa, da fanka tana juyawa a hankali. Hoton ya karkace, matar tana neman inda za ta jingina wayar. Sai ga shi, ya rame ƙwarai, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya nemi ruwa aka ba shi. Ya sha, ya goge baki, ya gyara hula, kamar wanda zai shiga gaban manya. Ya daɗe yana maida numfashi. Sannan ya dubi wayar sosai ya ce, "Inna." Hoton ya tsaya a nan, bakinsa a ɗan buɗe.

"Na'am," in ji Inna.

Ban taɓa jin ta amsa masa ba sai ranar. Ta ci gaba da riƙe wayar tana jira. Da allon ya yi duhu ta miƙo mini, ta tambaya a hankali, "Sauran na bisa hanya?"

Na ce sabis ne ba shi da ƙarfi. Ta gyaɗa kai, don ta sha jin na faɗi haka.

Na mayar da tsohuwar lambar, saboda Inna ta ga maƙwabta sun daina tsayawa a zaure ta tambayi dalili. Na sayi sabon batir da ke kwana da wuta, na ƙara wa gorar tsawo. Yanzu wata safiyar nakan ga mega bakwai, kuma ba ni da abin saukewa. Duk Juma'a, in na dawo masallaci, Inna takan ce in kawo mata wayar. Takan kalli fankar, ta kalli shan ruwan, ta amsa masa, sannan ta ɗan jira kafin ta tambaye ni ko sabis ya gyaru.