Matan Nan Uku na Ofishin Jabi

Christina maƙwabciyata ce a Karmo, ɗakinta na kallon nawa. Shekara huɗu ta yi tana shara a wani ƙaramin kamfani a Jabi, masu haɗa manoman Gwagwalada da masu saye ta waya. Kamfanin bai fara cin riba ba. Wasu Turawa ne ke zuba masa jari, suna jiran ya girma su ci moriya. Ita dai ba ruwanta, aikin nan shi ne abincinta da na 'ya'yanta biyu.

Da korona ta shigo, Turawan suka riƙe hannu. Oga Ameer, mai kamfanin, ya sallami ma'aikata goma sha ɗaya a asirce, ya bar Christina kaɗai. Na ce mata, "Ke kuwa me ya gani a tsintsiyarki?" Ashe da dalili.

Duk Laraba Turawan na kiransa ta bidiyo, su ga ko kamfanin na numfashi kafin su sake zuba kuɗi. Sai ya ce, "Madam Christy, ki taimake ni. Ki riƙa wucewa ta bayana kamar ma'aikaciya. Ai da takunkumi, wa zai gane?"

Ya kawo mata hijabi, ta zama Hindatu. Da tabarau da kwat, Kauthar ce. Da gashin kanti kuma Ihsan. Tana canja kaya a banɗaki, ta wuce da takardu, ta koma ta sake fitowa wata.

Ta ce min wurin tsoro yake ba ta. Bene guda ba kowa, sai ƙugin na'urar sanyi. Takan rataya riguna a kujeru, ta zuba shayi mai zafi a kofuna don tururi ya fito a hoto, sannan ta zubar ba wanda ya kurɓa. Wata rana da azahar Oga ya kira, "Kauthar!" Ta amsa kafin ta yi tunani. Wata Laraba kuma wata Baturiya ta tambaya ina Ihsan, ba ta gan ta ba, ko lafiya? Oga ya ce mura ce. Wallahi a daren Christina ta kwana da mura.

"Maman Sale," ta ce min da irin Hausarta, "wani lokaci ina shara, ina ji kamar matan nan uku suna jira ni in gama."

Na ce ta bari. Ta ce in Turawan suka janye, me yara za su ci?

Wata biyar ana wannan wasa. Turawan suka amince, suka saki kuɗin, amma da sharaɗi: annoba ta nuna ofis ɓarna ne, a rufe shi, kowa ya yi aiki daga gida. To mai shara ɗakin wa za ta share? Oga ko kunya babu, ya sallame ta ta saƙon waya. Raina ya ɓaci har yau.

Yanzu masara take gasawa a bakin titi. Kwanan baya 'yarta ta buɗe shafin kamfanin a waya ta nuna mana. Ga hotunan ma'aikata a jere: Hindatu, Kauthar, Ihsan, kowacce da takunkumi, kowacce da muƙaminta a ƙasa. Christina ta daɗe tana kallon nata idanun a hotunan.

Ta miƙa wayar, ta juya masararta. "Su dai suna nan suna aiki," in ji ta.