Manhajar da Ba Ta Cewa "Da Sauƙi"

Shekarar da mahaifina ya kwanta, ina Yamai ina karatun ordinata, wato kwamfuta. Duk wanda na kira a gida sai ya ce mini, "Da sauƙi." Haka ake yi a Damagaram, ba a tayar wa na nesa da hankali. Da sauƙi, da sauƙi, har ranar da kawuna ya kira ya ce in yi haƙuri. Ko jana'iza ban samu ba.

Bayan na dawo gida na kama aiki a wani ɗan biro, wato ofis, mai rubuta manhajar lura da magani a ɗakunan shan magani na ƙauye. Rabona shi ne wurin girkawa, inda mutum ke danna "gaba, gaba" har manhaja ta zauna. Can ne abu ke lalacewa: kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke a tsakiya, ko wuri ya cika a tsohuwar ordinata.

Ni kuwa na tsara cewa in mataki ya faɗi, manhajar ta tsaya cak, ta kwashe abin da ta fara, ta faɗa da jan rubutu. Sannan ta ajiye bayanin matakin da ya karye da dalili, don kada mai gyara ya yi ta lalube.

Shef ɗinmu, shugaban biron, ya gani, ya tsuke fuska.

"Malam, wannan ja zai firgita mutane. Ka sa ta haɗiye kuskuren, ta nuna 'An gama lafiya'. In mun zagaya sai mu gyara a hankali."

Na ce, "Ranka ya daɗe, in ta ce lafiya, majo mai kula da ɗakin shan magani zai saki jiki. Maganin zazzaɓi ya ƙare cikin damina, ba wanda ya sani a nan."

Ya ce ba ni da ladabin magana, kuma masu neman kujerata suna da yawa. Gaskiya ne, bakina ba ya da linzami. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce masa in dai hannuna ne zai rubuta, wallahi ba za ta yi wa kowa "da sauƙi" ba, ya nemo wani. Bai nemo ba, amma ya daina amsa gaisuwata.

Farkon damina majon Gidimuni, mai kula da ɗakin shan maganinsu, ya kira ni a firgice. Ya ce abin ya yi ja, wai bai zauna ba, wuri ya cika. Na sa ya karanto mini bayanin, na gane ciwon tun kafin ya kai ƙarshe.

Ya ce, "Ka yi haƙuri, na tayar maka da hankali."

Na ce, "Kada ka ba ni haƙuri, ga ni nan tafe."

Ranar na shiga motar Gidimuni. Wannan karon an faɗa mini, kuma na iso da sauran lokaci.