Gunvor da Kuɗin Mai Burodi

Ka taɓa bin mutum da kurona dubu goma sha takwas, kuɗin ƙasar nan, kana roƙonsa ya karɓa, shi kuma yana ce maka a ba wani? Gunvor Hallqvist ta yi, kuma a gabana aka yi, domin shekara goma sha ɗaya taku huɗu ne tsakanin teburina da nata.

Ofishinmu yana hawa na biyu a tsohon ginin jami'a, matakala talatin da shida daga ƙofar shiga. Aikinmu raba tallafin bincike ga ɗaliban digiri na farko, daga asusu ɗari biyu da goma sha biyu da mutane suka bari a wasiyya. Kowane mamaci da sharaɗinsa. Wani limamin coci ya ce nasa sai ɗalibin da ba ya shan taba. Wata likita ta ce sai mai binciken kifin tafki. Akwai wanda ya ce sai ɗan mai gyaran agogo, kuma abin mamaki, duk shekara uku sai an samu ɗaya.

An haifi Gunvor a wata gona can arewa, mai shanu goma sha huɗu. Ta zo birni tana da shekara ashirin da huɗu, aka ɗauke ta aikin buga tafireta na wata shida, ta yi shekara arba'in da ɗaya. Ta auri Sixten direban jirgin ƙasa, suka haifi 'ya'ya biyu, ya rasu ya bar mata lambu da keken da take hawa zuwa aiki ko da ƙanƙara ta rufe hanya. Ta ga zamanin shugabannin jami'a bakwai, ba ta riƙe sunan ko ɗaya ba. Amma mamatan nan ɗari biyu da goma sha biyu ta san su da ka, tana maganarsu kamar maƙwabtanta. Sai ka ji ta ce, "Bana limamin ya samu mutum uku, zai yi barci mai daɗi."

Abin alfaharinta guda ne: tun da ta fara aiki, asusu ko ɗaya bai mutu a hannunta ba. Saura wata biyu da rabi ta yi ritaya, na Alfrida ya kama hanyar mutuwa.

Alfrida Sjölund mai gidan burodi ce a wani tsibiri mai mutum ɗari uku da 'yan kai. Fiye da shekara ɗari da suka wuce ta bar kuɗi ga ɗalibin da aka haifa a tsibirin, ya yi bincike a kan duk abin da ya shafi burodi. Ta ƙara da cewa in aka yi shekara goma a jere ba wanda ya karɓa, a kwashe duka a gyara shingen maƙabartar cocinsu. Shekara tara sun wuce ba wanda ya nema. Ta goman za ta cika ranar talatin da ɗaya ga Maris, ƙarfe goma sha biyu na rana.

"Shingen nan na je na gan shi da idona," in ji Gunvor. "Ya fi haƙorana lafiya."

Muka bi sunayen ɗalibai dubu goma sha tara, muka samo mutum biyu 'yan tsibirin. Ebbe Norlander, dogo mai sanyin magana, yana karanta kimiyyar haɗa sinadarai. Majken Rydh tana karanta zamantakewa, bakinta bai san hutu ba. Tare suka yi firamare, a aji mai yara shida. Gunvor ta gayyace su shan kofi ranar Talata ƙarfe uku, ta sayo burodin kirfa biyar, mu huɗu.

Ta yi musu bayani cikin minti huɗu. Ebbe ya kalli kofinsa, Majken ta kalli Ebbe.

"Ai Majken ce ta dace," in ji shi. "Ni da ƙyar na haye jarrabawar bara."

"Kai dai faɗi gaskiya, bakin mutane kake tsoro," in ji ta. "Ni kuma na riga na ɗanɗana. Dubu biyu kacal na karɓa na littattafai shekara biyu da suka wuce, har yau in na shiga jirgin fito sai mai tikiti ta ce, ku matsa, ga attajira."

"Ke an saba da ke. Babana in ya ji na ɗauki abin da ke ma kina da hakki a kai, sai ya yi wata bai leƙa kanti ba."

"Dama yaushe yake leƙawa? Mamanka yake aika."

"To a raba biyu mana, Gunvor," in ji Ebbe.

Gunvor ta ɗauko kwafin wasiyyar ta ɗora yatsa a layi na tara. "An rubuta a ba mutum ɗaya, ba a gutsura ba. Alfrida ta san ku tun kafin a haifi kakanninku."

Na kawo shawarar a jefa kwabo. Aka jefa, ya faɗa wa Ebbe. Ya ce hannuna ya karkace, a sake. Aka sake, ya faɗa wa Majken, ta ce ai na farko ake bi. Sau goma sha huɗu na ji an ce "ke ɗauka" ko "kai ɗauka" kafin kofi ya huce.

Duk wannan ana yi, burodi na biyar yana kan faranti. Ebbe ya yanke rabi ya ci. Majken ta yanke rabin rabin. Haka suka yi ta karɓar wuƙa har sau biyar, sai da abin da ya rage ya koma kamar ƙwayar wake, kuma ba mai niyyar taɓa shi. Gunvor ta gaji, ta miƙe ta ce, "Wani ya taimake ni ya kawar da wannan, faranti nake so in wanke."

Hannu biyu suka miƙa a lokaci guda, har suka yi karo.

Gunvor ta tsaya da farantin a hannu tana kallonsu. Bayan sun fita ta ce mini, "Kuskurena ne. Kyauta na ce musu. Wa zai ɗauki kyauta ta ƙarshe ana kallonsa?"

Washegari ta rubuta musu wasiƙa iri ɗaya. Ta ce ofis yana cikin damuwa, akwai wani aiki da dole wani ɗan tsibirin ya ɗauke wa jama'a. Mako goma na tsakiyar hutun bazara, lokacin da kowa yake bakin ruwa. Awa ɗari uku. Rahoto shafi arba'in. Sannan a tsaya gaban kwamitin dattawa biyar a amsa tambayoyi, ɗaya daga cikinsu ba ya ji sosai. Ba ta ƙara ko ƙarya ɗaya ba, duk yana cikin sharuɗɗan tun asali. Maganar kuɗin ta ajiye ta a layin ƙarshe, bayan gaisuwa.

Kwana goma sha biyu shiru. Gunvor ta goge teburinta sau uku a rana. Ranar talatin da ɗaya ga wata, ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin, muka ji ana hawo matakala ana gardama. Suka shigo kowa da fom ɗinsa a cike.

"Ke kina taya mamanki a kanti duk bazara," in ji Ebbe. "Bar mini wahalar nan."

"Kai ne za ka rubuta shafi arba'in? Katin bikin yayarka ma ni na cika maka rabinsa."

"Zan koya."

"Za ka suma gaban dattawan nan, sannan a ce ni na bari aka kashe ɗan mutane."

Gunvor ta kalli agogo. Ta ce doka ta ce in masu nema sun yi daidai, wanda ya riga zuwa ake ba. Suka ce tare suka zo. Ta ce su nuna lamba.

Injin lambar layi yana nan a bakin ƙofarmu, kuma ko ba kowa a ofis ba wanda yake shigowa bai ciri tasa ba. Su ma sun cira, ba su ma san sun yi ba. Ebbe ya tsaya riƙe wa Majken ƙofa, saboda haka sha bakwai ce a hannunta, sha takwas a nasa.

Ya daɗe yana kallon 'yar takardar. A nan ana musu da kwamiti, ana musu da farfesa, amma ban taɓa ganin wanda ya yi musu da lambar layi ba.

"To, lamba ce," in ji shi. "Sannu, Majken. Na so in raba ki da shi."

"Ba komai. Wani dai sai ya yi."

Gunvor ta buga hatimi saura minti goma sha tara, ta zauna, ta cire tabarau ta yi ta goge shi.

Abin da Majken ta rubuta a fom shi ne za ta binciki sau nawa ake yanka burodin ƙarshe kafin a haƙura da shi. Ta zaga ɗakunan shan kofi sittin da biyu a jami'ar, da ma'auni da littafi. Galibi sau uku ne. Sashen lissafi suka kai bakwai, har suka aro reza. Ebbe ya bi ta yana auna ɓurɓushi ba ko kwabo, wai don kada a ce ya gudu. Rahoton ya kai shafi arba'in da uku, dattijon da ba ya ji ya tafa tun kafin ta gama.

Gunvor ta ajiye aiki ƙarshen Mayu, ta miƙa mini makullai da asusu ɗari biyu da goma sha biyu, duka da rai. Yanzu tana lambunta, duk ranar Juma'a sai ta bugo waya ta tambayi lafiyar Alfrida da limamin.

Bana asusu talatin da ɗaya ne a ofishinmu ba wanda ya nema, kuma na tabbata ba mu kaɗai ba ne. In kai ɗalibi ne, ranar Litinin ka nemi irin wannan ofis a jami'arku. Kada ka tambayi wanne ya fi tsoka, ka tambayi wanne ne ba wanda ya taɓa. Fom ɗinmu shafi biyu ne, minti ashirin da biyar ya isa. In kunya ta kama ka, ka ce wa kanka taimakon ma'aikacin kake yi, domin gaskiya ne. Don Allah ka gwada.