Garin da Yaya Ta Ƙi Rufewa

Na yi yawon duniya, na ga abubuwa da yawa da tsufa ya share mini, amma ranar da yayata ta zauna a kan tabarma ta gina gari da kwali, wannan kam tana nan daram a raina har in koma ga Mahaliccina.

A Jamus na samo wasan, zamanin da nake zuwa sarin injinan niƙa. Na ga 'yan dara a Damagaram, na ga masu buga wasan domino a shagunan shayi na Alƙahira kamar za su tsaga tebur, amma duk harkar maza ce. A gidan wani abokin cinikina Bajamushe na fara ganin kaka da jika suna wasa ɗaya, kowa da gaske yake. 'Yan kwalaye ne masu kauri, kowanne da zanen hanya ko gona ko ɓangaren ganuwa. Ka zaro ɗaya daga jaka, ka jona shi da na ƙasa, ka ɗora ɗan gunkinka na katako a kan abin da kake ginawa. Gari kuwa ba ya ba ka maki sai ganuwarsa ta zagayo ta rufe ruf.

Na kawo shi gidanmu na Fagge, jikoki suka liƙe masa har suka manta da waya. Sai labari ya kai kunnen Yaya. Ita ce babba tun rasuwar iyayenmu, kuma in ta yanke magana ta yanku.

"Abin da ake zura hannu a jaka a zaro sa'a ai caca ce," in ji ta. "Da furfurarka za ka kawo mana caca gida? Murhu zan sa shi."

Na yi bayani da Hausa, na koma Barbarci, harshen da muke lallashinta da shi, duk a banza. Da ƙyar ta yarda ta kalli wasa ɗaya kafin ta zartar da hukunci.

Washegari da la'asar na kirawo abokina na Sabon Gari, wani Ibo mai sayar da kayan gyaran mota, haifaffen Kano, wanda Yaya ta sani tun yana yawo ba takalmi. Muna shimfiɗa kwalayen ya dube ta ya ce, "Hajiya, gara da kika tsaya a kallo. Wannan wasan sai mai kai."

"Kai da nake share wa majina?" Ta fizge jakar. "Matsa mini!"

Wayyo, ku zo ku ga gini! Ta kama wani gari tun yana ɗan mitsitsi, duk kwalin ganuwar da ta zaro sai ta kai can. Garin ya yi ta faɗi har ya cinye rabin tabarma. Jikoki na ihu, abokina na dafe kai yana cewa an yi masa asiri, Yaya kuwa ɗankwali ya zame ba ta ma sani ba. Can jaka ta kusa ƙarewa, saura giɓi ɗaya a ganuwarta, gunkin abokina na tsaye a kan hanya daf da wurin. Ta zura hannu ta zaro. Wallahi daidai kwalin da zai toshe giɓin!

Na miƙe tsaye. "Yaya, rufe! Kin cinye mu gaba ɗaya!"

Ta juya kwalin, ta sake juyawa. "Ina ƙofar?"

"Babu ƙofa. Dokar ke nan, sai ya rufe."

"Gari ba ƙofa? Kurkuku ke nan. Kakanmu da ya zo daga Barno a wajen badalar birni ya sauka, nan Fagge. Uban abokin nan naka ma a waje ya sauka. Da an toshe ƙofofi, ta ina za su shiga su ci kasuwa?" Ta nuna gunkin abokina. "Ga baƙo a bakin garina, in rufe masa?"

Muna roƙo, jikoki na birgima, ta kai kwalin can gefen wata gona ta ajiye. Garin bai ba ta komai ba, abokina ya yi nasara.

"Hajiya, na gode da ƙofa," in ji shi, "amma fa ni na ci."

Na ce a raina shi ke nan, Yaya ta sha kaye a gaban jikoki, wasa ya zama toka. Ta gyara ɗankwali, ta harare shi.

"Ka ci me? A sake zubawa."

Kiran magariba ne ya tashe mu. Ta tattara kwalayen da kanta, ta rungume akwatin. "Ban ga kuɗi ba, ba caca ba ce. A ɗakina zai zauna. Amma ka gaya wa Jamusawan nan ba su iya gini ba."

Har yau ba ta taɓa rufe gari ba, kuma har yau ba ta taɓa ci ba. Ni dai na koyi cewa duk yawan harsunanka, ba ka juya ra'ayin babba da surutu. Ka matsa masa wuri a tabarma kawai, in ya zauna kuma ka bar shi ya yi gini irin na garinsu.