Kujerar Malam Falalu a Kamfanin Hanya

Malam Falalu mutumin ƙasar Miga ne, kuma shekara goma sha tara ya yi yana koyarwa a firamaren ƙauyensu kafin abin ya ishe shi. Ba yaran ne suka ishe shi ba, wani kwazazzabo ne da ya raba garin biyu. Da rani ko akuya tsallake shi take yi. Amma da zarar ruwa ya zauna, sai rabin ajinsa ya ɓace wata biyu cur, don babu uwar da za ta bar ɗanta ya shiga wannan ruwa. Ya rubuta takardu a zo a yi musu kwalbati har ya gaji, shiru kake ji. Ran nan ya ce to shi zai je ya koyo. Mutum ɗan shekara arba'in, da 'ya'ya shida, ya ɗauki hutun ƙaro karatu ya tafi Kano yin difloma a fannin gine-gine. Da farko dariya aka yi masa, daga baya kuma mutanen gari suka fara tara yashi da tsakuwa a bakin kwazazzabon suna jiransa.

Karatun takarda bai ba shi wuya ba. Matsalar ita ce na'urar awo mai ƙafa uku, wadda ake leƙawa a san tudu da gangare. Su tamanin ne a aji, na'urar ɗaya, sau ɗaya tak ya taɓa kai idonsa kanta. Shi ya sa da aka tura shi koyon aiki na mako goma sha biyu a daminar 1997, a wani babban kamfanin hanya da ke Dutse, har sadaka ya yi. Lokacin ana ta gina garin, ko'ina ka duba gireda ce da jar ƙasa, tifofin kamfanin kuwa sun fi hamsin.

Ranar farko aka kai shi gaban injiniyan da zai kula da ɗalibai. Wani saurayi ya ɗago kai daga tebur, ya miƙe zumbur, ya cire hular kwano, ya durƙusa har ƙasa.

"Allah ya gafarta Malam! Zailani ne, ɗan gidan Sani mai nama. Kai ka koyar da ni a aji huɗu."

Malam Falalu ya tuna shi sarai, yaron da sai da bulala ya haddace jadawalin lissafin sau bakwai. Ya ce a ransa, shi ke nan, Allah ya yanke mini wahala. Ina! Wahalar ce ta fara.

Zailani ya sa aka kawo kujera mai laushi aka ajiye a ofishinsa, daidai inda na'urar sanyi take hurawa. Da safe shayi da burodi, sai jarida. Da azahar masinja ne yake cika masa buta. Sauran ɗaliban kuwa, yara sa'o'in 'ya'yansa, tun bakwai ake loda su a bayan mota a kai su fili, su dawo da yamma a jiƙe da gumi suna ba da labarin zagin da suka sha. Wallahi kishin zagin nan yake yi.

Da mako ya zagayo ya ce, "Injiniya, a tura ni fili mana."

"Haba Malam, ni in tura ka? Da wane bakin? Kuma don Allah ka daina ce mini Injiniya, kunya nake ji."

"To ni me na zo yi?"

"Yau rana ta yi zafi. Gobe in sha Allahu mu fita tare."

Gobe ta zo, suka fita tare a mota, gilashi a rufe. Aka nuna masa gada daga nesa kamar baƙon gwamna, aka dawo da shi kujerarsa. Ya roƙa, ya yi fushi, ya yi wasa da dariya, duk amsa ɗaya ce. Zailani ba mugu ba ne, kuma abin da ya fi cin ran Malam ke nan, don ba ka faɗa da mutumin da yake durƙusa maka. Kullum ya koma ɗakin da ya sauka a unguwar Garu, jikinsa ya fi na wanda ya wuni yana huɗa mutuwa, ga ciwon gwiwa da sanyin ofis ya ɗora masa. Mako bakwai suka tafi a haka.

A na takwas ya ce ba shi da lafiya. Ya sa tsohuwar taguwa, ya hau motar Kiyawa, ya sauka inda kamfanin yake zuba wani kwalbati. Heluman wurin, wato shugaban leburori, wani Nata'ala ne mutumin Garki, bakinsa ba linzami.

"Ɗalibi da furfura? Ikon Allah! To Baba, nan ba a gaisuwa. Ɗauki kwanon sarki ka bi layin masu ɗibar kankare."

Kwana uku Nata'ala yana yi masa tsawa. Malam ya ɗaure rodi aka kwance, ya sake ɗaurawa aka kwance, a na uku aka bar shi. Hannuwansa suka yi bororo, bayansa ya riƙe, amma rabonsa da jin daɗi haka tun barinsa gida. Nata'ala ya ce masa ran Alhamis safiyo, mai awon ƙasa, zai zo da na'ura, in ya yi hankali zai sa a koya masa kafa ta.

Ran Laraba da hantsi motar Zailani ta tsaya. Ya fito ya ga malaminsa da kwanon kankare a ka, siminti har gemu. Ihun da ya yi sai da injin kwaɓa ya tsaya.

"Nata'ala! Ka san ko wane ne wannan? Wanda ya koya mini rubuta sunana ka ɗora wa kaya? Tattara naka ka bar wurin nan!"

Nan Malam Falalu ya ajiye kwanon ya yi masa muryar aji. Ya ce shi ya kawo kansa, kuma in aka kori bawan Allahn nan bai yafe ba. Zailani ya sunkuyar da kai ya ce, "An gama, Malam." Sannan ya buɗe masa ƙofar mota ya tsaya yana jira.

Washegari Malam ya sake komawa wurin aikin, amma labari ya riga shi. Leburorin da jiya suke ture shi a layi suka zube suna gaishe shi. Nata'ala da kansa ya kawo benci ya goge da hularsa. Da Malam ya kai hannu zai ɗauki shebur, sai Nata'ala ya riƙe ta ya yi ƙasa da murya: "Ka rufa mini asiri, ranka ya daɗe, ina da iyali." Safiyo ya kafa na'urarsa ya daidaita komai, sannan ya ce Malam ya leƙa don albarka. Ya leƙa, ya ga lamba, kafin ya buɗe baki ya yi tambaya an ce madalla.

Ranar sallama aka ba shi littafin rahotonsa an cike shi tsaf, da hatimi, da yabon da ba a yi wa kowa ba. Zailani ya haɗa masa da turmin shadda, ya raka shi tasha har da ƙwalla.

Bayan kaka aka yi shelar gayya a ƙauyensu don gina kwalbatin. Aka aro na'ura daga ƙaramar hukuma, maza suka fito da fartanya da shebur, mata suka dama fura. Malam Falalu ya kafa ƙafafun nan uku a gaban jama'a. Ya murɗa wannan, ya murɗa wancan, ɗigon ruwan da ke jikin na'urar, wanda ya kamata ya tsaya a tsakiya, ya ƙi tsayawa. Gumi ya karyo masa. Ya daɗe a sunkuye, sannan ya miƙe ya fuskanci mai gari.

"Ranka ya daɗe, ban iya ba. Ban koyo ba. A nemo wanda ya sani."

Mai gari ya yi dariya ya waiwayi jama'a. "Kun ji Malam da ƙanƙan da kai! Mun ga takardarka fa. Nuna mana inda za mu haƙa kawai."

Ya sake faɗa, suka sake dariya. Ya gaji. Ya ɗaga hannu ya nuna wani wuri, suka yi kabbara suka duƙufa.

Ruwan Agusta na farko ya tafi da kwalbatin da duk simintin da garin ya tara. Mutane suka ce ƙaddara ce, har gida suka riƙa zuwa suna ba shi haƙuri. Ya koma ajinsa ya ƙara shekara goma sha huɗu, duk damina benci rabi a wofi, kuma har ya yi ritaya bai samu mutum ɗaya da ya ce masa laifinsa ne ba.